Ƙafar da Ta Jefa Ni Ruwa da Goyo a Bayana

A shekarun alif ɗari tara da tamanin da 'yan kai ni bazawara ce, ban cika talatin ba. Mijina ya rasu ya bar ni da yarinya a goye, na koma gidan yayana a wani ƙauye kusa da Bunkure. Lokacin noman rani ya kankama, sai na kama dafa shinkafa da wake ina kai wa 'yan ƙwadago masu tsinkar tumatir. Da ƙafa nake bin kunyoyi da bakin kanal, wato babbar hanyar ruwan noman rani, kwano a ka.

Wata rana na taka gefen kunya, ƙafata ta hagu ta gurɗe a idon sawu har na ji ƙas. Mai ɗorin garinmu ya latsa, ya ce ƙashi lafiya, targaɗe ne, ya murza da man shanu ya ɗaure, ya ce in zauna in huta. Ban huta ba, don in na zauna wata za ta karɓe mini masu ciniki. Kumburi ya sace, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Ina cikin tafiya a fili sai ta lanƙwashe ta kayar da ni. Na yi ɓarin abinci ba adadi. Matar yayana ta ce ko wani abu na taka, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, ƙafa tana nan yadda take. Wata maƙwabciyarmu, Kirista daga wajen Filato da ke noman albasa, ta sha ce mini in je asibitin ƙashi a Birni. Ni kuwa abin da na taso ina ji shi ne wanda ya shiga can da ƙafa biyu da ɗaya yake fitowa.

Haka na yi damina biyu. Ran da abin ya faru an sako ruwa, kanal ya cika yana gudu. Na hau azarar da muke tsallakawa, yarinyar na bayana. A tsakiya ƙafar ta saki. Ruwan bai fi ƙirjina ba, amma rigingine na faɗa, ita ce a ƙasa, siminti kuma santsi, na kasa dafawa. Maƙwabciyar nan ce ta shigo da zaninta ta kamo majanyin ta ja mu. Ta kifa yarinyar a cinyarta tana bubbuga bayanta har ta yi aman ruwa ta tsala kuka. Sannan ta dube ni ta ce, "Maman yarinya, kina tsoron a yanke ƙafa, kin ga abin da ƙafar ta so ta yanke miki?"

A makon yayana ya kai ni Kano. Likitan ya riƙe ƙwaurina ya jawo diddigen gaba, na ga da idona sawun yana zamewa kamar ba a jikina yake ba. Hoto ya nuna ba karaya. Ya ce igiyoyin naman da ke ɗaure ƙasusuwan idon sawu ta waje ne suka yage tun faɗuwar farko, suka warke a sake, kuma tunda abin ya daɗe sai an buɗe an tsuke su an ɗinke. Na tambaye shi sau uku ko za a yanke. Ya yi dariya, ya ce in na farka in fara ƙirga yatsuna.

Aka yi tiyatar, aka naɗe ƙafar da farin siminti na asibiti. Na yi makonni ina dogara sanduna, ina salla a zaune, ga ƙaiƙayi a ciki ba halin susa. Da aka fasa simintin na ga ƙafar ta tsotse, na yi kuka. Masu gashin ƙashi suka koya mini juya sawu da tsayuwa a ƙafa ɗaya, a hankali ƙarfi ya dawo. Kakar tumatir ta wuce ni, masu cinikina suka koma wajen wata. Har yau idon sawun yakan ƙage lokacin sanyi, zaman tahiya kuma sai na karkace. Amma bai ƙara kayar da ni ba.

Ban ga laifin mai ɗori ba, ya faɗi iyakar abin da hannunsa ya ji. Abin da na koya shi ne targaɗen da ke ta dawowa ya wuce targaɗe, kuma rashin karaya ba shi ne lafiya ba. 'Yan'uwana, musamman mata masu goyo, in ƙafa ta fara sakin ku a fili, ku je a duba tun kuna faɗuwa ku kaɗai.