Ƙofar Kawu Mumuni

Duk wanda ya san Kawu Mumuni ya san makullin nan. Yana rataye a wuyansa da igiyar takalmi, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, ko wanka zai yi da shi yake shiga. Kullum da an sallame asuba sai ya ɗauki tsintsiya ya nufi Senta, ya buɗe ƙofa, ya yi bismilla ya shiga, ya share ko'ina tas. Kafin magariba ya dawo ya rufe, ya jijjiga kwaɗon sau uku don ya tabbata ya kama. Ku da kuka san wurin na san kun fara murmushi. Wanda bai sani ba kuwa bari in gaya masa: Senta ba ta da rufi, ba ta da bango. Ƙofa ce kawai tsaye a bakin fili.

Senta ita ce zauren taron ƙauyenmu, can bayan Kasalgu, a gefen birnin Tamale. Kakanninmu da suka taso daga Moshi Zongo neman gona su suka kai wa sarkin ƙasar goro, ya yanka musu filin, suka gina. A nan ake ɗaurin aure, a nan ake suna, a nan ake zaman makoki. Kawu, yayan mahaifiyata, shi aka damƙa wa makulli tun gemunsa yana baƙi. Sai wata shekara iskar farkon damina ta yaye kwanon ta kai shi gonar masarar maƙwabta, ruwa kuma ya bi bangon ƙasa yana ci kaɗan-kaɗan har ya koma tudun da bai kai gwiwa ba. Ƙofar kaɗai ta tsira, don ita da siminti aka kafa ta. Kowa ya ce Senta ta mutu. Kawu ya ce shi dai ba wanda ya karɓi makulli daga hannunsa.

Ni malamin makaranta ne, Ticha Seidu ake ce mini, kuma ban iya ganin abin da bai yi mini ba in yi shiru. Wata safiya na tsaya ina kallonsa yana fama da kwaɗo, ga awaki uku a ciki suna kiwo.

Na ce, "Kawu, don Allah wa kake kullewa? Ga awaki can sun riga ka shiga."

Bai ko ɗago kai ba. "Su awaki ne. Kai fa?"

Ya ce, "Ta ƙofa ake shiga, Ticha. Wannan ba su koya maka a sukuru, makarantar taku ta boko ba?"

Wannan magana ta "ta ƙofa ake shiga" ba wanda bai sha ta ba. Har ɗan majalisar yankinmu sai da ya sha. Ya zo a kan babur sabo fil, ya haura tudun bangon da shi har tsakiyar Senta, ya kashe, ya cire hular kwano yana washe baki.

"Mba Mumuni, dasiba! Ina kwana?"

Kawu ya ci gaba da shara. Mutumin ya sake gaisuwa da ƙarfi, ko tsohon kurma ne. Kawu ya juyo wajena ya ce, "Ticha, kamar ina jin magana, amma ban ga kowa ya shigo ba." Wallahi sai da bawan Allah nan ya tura babur ya fita, ya zagayo, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce gafara. Nan take Kawu ya jefar da tsintsiya.

"Oo, Onarabul! Maraba, maraba! Yaushe ka zo?"

Amma abin da ya fi ba ni dariya shi ne ranar da makullin ya ɓace. Ya rufe ƙofa da la'asar, ya manta ƙaramin rediyonsa a kan benci a ciki, a kunne. Da ya dawo ɗauka ya laluba wuya, ba makulli. Rediyon nan taku uku ne daga inda yake tsaye. Ɗaga ƙafa kawai zai yi. Ina! Sai ya jawo dutse ya zauna a waje yana jin labarai ta saman bango. Matarsa, Mma Sanatu, ta zo kiransa cin tuwo ta same shi a haka. Sai ta tattare zani ta tsallaka, ta ɗauko rediyon ta miƙa masa.

Ya ɓoye hannuwa a baya. "Ba na taɓa kayan sata."

"Sata? Ei! Rediyonka ne fa, tsohon nan!"

"Ta ina kika shiga?"

Ta dangwarar masa da shi a cinya ta yi tafiyarta tana faɗa har gida. Da ya cire riga zai yi alwala, sai ga makullin nan a bayansa, igiyar ce ta juya. Ya ɗauki rediyon, ya buɗe ƙofa, ya mayar da shi kan benci, sannan ya sake ɗaukowa ya fito da shi ta hanya.

Muna wannan dariya, Tamale tana matsowa. Jisonayili da muke zuwa tsintar kaɗanya muna yara ta zama gidajen sama. Gonakin da ke kewaye da mu duk an yanka su fuloti-fuloti, har ya zama filin Senta ne kaɗai ya rage da za a shimfiɗa tabarmi a tara mutane. Sai ga wani mai kuɗi daga cikin gari ya ƙyalla ido a kansa, zai yi gidan mai, ya ce zai haƙa mana rijiyar burtsatse. Al'adar ƙasar kuwa ita ce, filin da sarki ya bayar don wani abu, in aka bar shi ya zama kango, ya koma hannun sarki, ya ba wanda ya ga dama. Ke nan abu ɗaya ake bukata: a tabbatar wa sarki Senta kango ce.

Aka kira taro. A Senta, mana, kuma kowa ta ƙofa. Aka yi ta cacar baki har rana ta take. Mata suka ce in an ba da filin, a ina za su girka tukwanen biki, a kan titi? Samari suka ce ruwa muke so da aiki. Ni ne sakataren kwamiti, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina bayan gidan mai da zuciya ɗaya. Na yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba. Da aka ce a ɗaga hannu, ɓangarenmu ya rinjaya. Kawu bai ɗaga hannu ba, tsintsiya ya ɗaga.

Ya ce, "Ku rubuta abin da kuke so. Amma ku yi sauri, ina so in rufe."

Da hannuna na rubuta wa sarki takarda cewa Senta ta zama kango, ba mai amfani da ita. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Sarki ya aiko Wulana, dattijon Dagomba da ke magana da yawunsa, ya zo ya gani da idonsa. Ya iso da hantsi da sandarsa, ni da mai gidan mai muna biye. Muka tarar da ƙofa a kulle, abin da ba a taɓa gani ba a wannan lokaci. Mai gidan mai ya sa ƙafa zai tsallaka, Wulana ya tare shi da sanda. Dattijon Dagomba ba ya faɗa wa wuri mai ƙofa ba sallama. Ya tsaya a rana ya ce gafara.

Raina ya ɓaci paa, na ce yau tsohon nan zai kunyata mu a gaban manya. Sai ga shi ya ɓullo daga bayan bishiyar dalbejiya, sanye da rigarsa ta Juma'a, da ƙoƙon ruwa a hannu. Ya durƙusa ya gaida Wulana, suka yi ta "naa, naa" kamar ba za su gama ba. Ya buɗe kwaɗo a tsanake, ya shigar da baƙo, ya zaunar da shi a benci, ya miƙa masa ruwa. Wulana ya sha. Ya dubi ƙasa, ko tsinke babu. Ya dubi kwaɗon yana ƙyalli da man kaɗanya.

Ya ce, "Wa ya rubuta takarda?"

Na ce, "Ni ne, Mba."

"An ce in zo in ga kango. Ni kuwa na yi sallama an amsa, an buɗe mini, an ba ni ruwa na sha. Me zan je in faɗa wa sarki? In ce na sha ruwan kango?"

Mai gidan mai ya ce, "Amma Mba, ba bango koraa, ko kaɗan!"

Wulana ya ce, "To ku yi bango." Ya tashi ya fita, ta ƙofa.

Shi ke nan, maganar gidan mai ta mutu. Sarki ya ce fili na jama'a ne, amma a gina. Na yi kwana biyu ina kauce wa hanyar Kawu. Rana ta uku ya tare ni a bakin masallaci, na sunkuyar da kai ina jiran ya wanke ni tas. Sai kawai ya miƙo mini tsintsiya.

"Bayana yana ciwo. Kai mai hannun rubutu, gwada wannan."

Tun daga ranar muke shara tare. Aka fara buga bulo, kowane gida da ranar aikinsa, mata na kawo ruwa. Na kawo shawarar a sa sabuwar ƙofar ƙarfe, Kawu ya kalle ni kallo ɗaya na janye maganata. Gini bai wuce gwiwa ba ciwo ya kwantar da shi. Da na je duba shi ya ciro igiyar nan daga wuyansa da ƙyar, ya sa mini a hannu. Na zaci wasiyya zai yi mini, sai ya ce, "Sau uku ake jijjigawa. Kai kana yi sau biyu, ina ganinka."

A Senta aka yi addu'ar bakwai. Mutane suka zo daga Moshi Zongo, daga Kasalgu, daga ko'ina, wurin ya cika maƙil. Bangon nan ko ƙaramin yaro zai iya tsallake shi, kuma ba wanda ya ce wa kowa komai. Amma da na ɗago kai sai na ga layi tun daga bakin ƙofa har titi, a cikin rana. Onarabul yana ciki, ya bar babur a waje. Wulana yana ciki da sandarsa. Mma Sanatu ma, wadda ta yi shekaru tana tsallakawa don ta ba shi haushi, ta bi layi. Da ta iso ta dafa ƙofar, ta tsaya, ta ce a hankali, "Gafara, Mumuni." A nan na kasa riƙe hawaye. Awaki ne kaɗai suka zagaya.

Yanzu makullin yana wuyana, kuma sau uku nake jijjigawa. Allah ya ji ƙan Kawu Mumuni, ya yafe masa, ya yafe mana dariyar da muka yi masa. Ya Allah, in bawanka ya iso bakin Aljanna, ka sa ya tarar da ƙofar a buɗe. Ka san halinsa, ba zai tsallaka ba. Amin.