Ƙullin Malama Khadijatu

Kun gan ta, kada ku musa. Kowace safiya tana saukowa daga motar Dingyadi da damin kaba a hammata, ku kuwa kuna shan shayi a bakin titin Bodinga. Ko mutum ɗaya bai taɓa tambayar abin da ya haɗa malamar kimiyya da kaba ba.

Makarantar 'yan matan da Malama Khadijatu ke koyarwa ba ta da ɗakin gwaji. Ita kuwa ta ƙi yarda a yi ta hadda kamar aku. Sai ta ɗauki kaba doguwa, ta ce a ƙaddara wannan shi ne zaren halitta, wato DNA. Ta lanƙwasa ta, ta ɗaure da guntayen zare har ta yi kusurwa huɗu, sannan ta maƙala duwatsun ado a gaɓoɓin da ta zaɓa. Haka masana ke naɗe zaren halitta, in ji ta, su jera masa ƙwayoyin zinariya waɗanda ido ba ya gani, kowace a mazauninta, kamar mai ɗinkin hula yana bin zane.

A watan nan na ritayarta wani ya buɗe kabad ɗinta, ya ga ƙulle-ƙulle, ya yi salati. Kafin azahar shugaban iyayen yara, Alhaji Haliru, ya iso da jama'a.

“Malama, wanga ƙulli fa? Wa kiɗ ɗaure?”

Ta ɗauka wasa ne. “Hankalin ɗiyanku niɗ ɗaure, Alhaji, don kada shi tsere.”

“Kun jiya! Da bakinta!”

A tsakar makaranta aka cinna wa aikinta wuta. Ba ta yi kuka ba. Da toka ta huce sai ta durƙusa tana tsince duwatsunta, su kaɗai wuta ta bari.

Innalillahi! Wannan Alhajin ne fa ke cika majalisa da labarin 'yarsa Bahijja, wadda ke binciken naɗe zaren halitta a wata jami'a. A hannun wa yake zaton ta fara ganinsa?

Malama, ke ce rijiyar da muka sha, muka juyo muka zuba mata ƙasa. Mun gode, kunya kuma tamu ce. Yau a kasuwa “mai ƙulli” ake ce miki, mata na janye yaransu in kin gifta. Da wannan sunan za ki koma gida?

Ranar Alhamis za a yi mata ban kwana, an ce ba mai zuwa. Ku je. Kowa ya tafi da kabarsa, ya zauna a ƙasa ta koya masa ƙullin nan a bainar jama'a. Alhaji Haliru, kai za ka riƙe mata bakin zaren.