Tafiye-tafiyen da Motata Ta Yi Ba da Ni Ba

Bayan na daki bayan wata mota a Gate City Boulevard, karo na biyu cikin shekara guda, kamfanin inshora ya ba ni zaɓi: ko in yarda su maƙala wata 'yar na'ura a ƙarƙashin sitiyari ta riƙa kai musu rahoton tuƙina har wata shida, ko mu rabu. In ba inshora ba mota, in ba mota ba aiki, domin ma'ajiyar kayan da nake aiki tana can bayan Pleasant Garden, inda bas ba ta taɓa leƙawa ba. Na yarda.

Na'urar ba ta kai akwatin ashana ba, amma ta fi duk wata 'yar gulma da na sani a zango. In na taka birki da ƙarfi, ta rubuta. In na sha kwana kamar direban tasha, ta rubuta. Na sha gaya wa mutane a masallaci cewa ko atishawa na yi sai an ji a hedkwatarsu. Wata biyar ina tuƙi kamar mai tallar ƙwai, tsofaffi masu dogara sanda suna wuce ni a ƙafa. Makin tuƙin da kamfanin ke ba ni a waya ya zama kore shar. Maiɗakina takan ce, "Malam, shekara ashirin ina fama da kai, ashe ɗan akwatin nan ne maganinka."

A wata na shida ta rasu. Jinyar kwana uku ce.

Abin da ya biyo baya ban riƙe shi sosai ba. Na san an shimfiɗa tabarmi a falo. Na san ina ta cewa amin. A wajenmu ba a damun mai makoki da tambaya. Abin da ake bukata a gidansa ɗauka ake yi, a yi hidima, a mayar. Makullin motata yana rataye a ƙusa kusa da ƙofa. Wani Alhaji ɗan Nijar mai shagon kayan abinci ya ɗauka ya kwaso buhunan shinkafa. Wata Anti 'yar Kumasi ta ɗauka ta yi ta jigilar tukwane. Wani ya je filin jirgi sau uku ɗauko dangin marigayiya. Ina ganin hannaye suna zuwa ƙusar suna dawowa. Na'urar ko sau ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

Bayan sadakar bakwai wata mata ta kira daga kamfanin. Ta ce motata ta yi gudu da birki a mako guda fiye da na wata biyar. Ta ce in buɗe manhajarsu, kowace tafiya in danna ko ni ne na tuƙa ko wani. In wani ne, suna son sunansa da lambar lasinsa.

Da la'asar Alhaji ya zo duba ni, na nuna masa jerin tafiye-tafiyen a waya. Duk jerin ja ne, ban da guda ɗaya: ranar da muka bi gawa zuwa maƙabarta a hankali. Ban ma san wa ya tuƙa ni ba.

"Lasin?" in ji Alhaji. "Malam, nawa na Yamai ne, ba na ƙasar nan ba, ka sani."

"Anti fa?"

"Anti da bismilla kawai take tuƙi."

"Kai kuma dubi gudun da ka yi. Ai shinkafar nan a hanya ta dahu."

Ya yi dariya, ni ma na yi. Na ji tawa kamar daga ɗakin maƙwabta take fitowa.

Sai ya ce, "Ba su sunana. Abin da zai faru ya faru."

Na ce to. Da ya tafi na zauna a kan tabarmar da ba a naɗe ba, na bi jerin daga sama, ina danna "ni ne", "ni ne", har ƙasa. Ba zan ce jarunta ba ce. Mutanen nan su suka binne mini mata, kuma wannan maɓallin ya fi kusa da babban yatsana.

Bayan mako biyu takarda ta zo: ba za su sabunta mini inshorar ba. Na karanta a tsaye, na ɗora ta kan firji. Washegari a wurin aiki na tambayi shugabana ko akwai wanda ke biyowa ta unguwarmu da safe. Ya ce zai duba.