Abin Naɗin Zanen Jirgin Labbo

Labbo na Jiga Makera manomin albasa ne kamar ubansa, sai dai shi yana da jirgin ruwa. A garin da ruwa mafi zurfi shi ne na rijiya! Da ƙuruciya ya yi dako a Yawuri, ya ga masunta suna kafa zane a jirgi, iska na tura su suna zaune abinsu. Tun ran nan abin ya shiga ransa. Shekarar da aka ba mu jihar Kebbi ya sayo tsohon kwalekwale, aka kawo shi bisa motar albasa, aka girke ƙarƙashin tsamiya.

Matarsa Tasalla, mai ɗinki, ta harhaɗa masa zane da buhunan fulawa. Ya kafa gora mai juyawa bisa ƙarfen tayar keke: ka ja igiya zane ya naɗe jikin gora, ka saki ya buɗe. Kullum bayan la'asar sai ya hau, ya buɗe, ya naɗe, kaji na kallo. Shekara uku ana haka, har ƙarfen ya yi tsatsa ya ƙi motsi.

Majalisa ta samu abin dariya. Labbo ya hasala, ya rantse: "In ban shiga Jega ta ruwa ba damanar bana, ku ɗauki jirgin ku riƙa zuba wa shanu dusa ciki!" Nan take Sambo mai shanu ya tashi ya auna jirgin da taƙi, a gaban idonsa. Mugun mutum!

Sai neman sabon abin naɗi. Arzika maƙeri ya kawo ƙarfen tayar tirela; mutum huɗu suka ɗora, jirgin ya yi nishi, aka sauke da sauri. Wani ya ba da shawarar taɓarya. Labbo ya rame, abin tausayi wallahi.

Wata safiya ya ga Tasalla tana taka keken ɗinki, ƙafar keken na juyawa sumul.

"Wanga shi ne! Ki ara mini."

"Malam," in ji ta, "kekena ba ya tahiya inda ba ni."

A watan takwas gulbi ya tumbatsa, ruwa ya malalo fadama har bakin gari. Aka ja jirgi bakin ruwa, aka ɗora keken ɗinki, aka haɗa bel ɗinsa da gora, Tasalla ta zauna. Iska ta cika zane, jirgi ya tafi. Labbo ya yi hawaye, bai ko ɓoye ba.

Dab da Jega iska ta yi ƙarfi, jirgi ya nufi wata kuka gadan-gadan. "Naɗe!" Labbo ya kwatsa. Tasalla ta taka kamar gobe Sallah ga ɗinkin mutane a hannu. Gora ta cafki hannun babbar rigarsa, ta naɗe shi cikin zane tsaf, kai kaɗai a waje. Ita kuwa ta ɗauki sanda, ta tura jirgi har gaci.

"Jama'a, ku shaida," in ji kan Labbo daga cikin buhunan fulawa, "ta ruwa na zo!"

Aka shaida. Shanun Sambo ba su ci dusa a jirgin nan ba. Amma labarin da 'yan kasuwa suka kai har Maiyama shi ne wata mata ta tuƙo jirgi ta kawo mijinta a naɗe.

Har Labbo ya tsufa yana zama cikin jirgin ƙarƙashin tsamiya. Baƙo ya tsaya ya ce, "Baba, wanga ne jirgin Tasalla?" Sai Labbo ya shafa katakon.

"Shi ne," in ji shi. "Ni mai gadi ne."