Carbin Malam Dogo da Injin Awon Jini

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko, Malam Auwal Dogo ya riga ya jingine kekenshi jikin dalbejiyar ƙofar asibitinmu. Shekara ashirin da bakwai haka. Daga masallaci ba ya komawa gida, sai ɗakin awo. Ya buɗe taga, ya goge teburi, ya hau tsani ya share faifan sola, sannan ya bi injinanshi ɗaya bayan ɗaya shina ɗaga murfi, awa mai duba awaki a turke. In ka gaishe shi a wanga lokaci hannu kawai zai ɗaga maka, bakin na kan zikiri.

Ni Ladidi ce, mai ƙuli-ƙuli, kuma na san wanga ɗaki fiye da madafina. Ɗiyata Muhsina sikila gare ta. Duk sanda idonta ya yi fari, ƙafa ta ɗau ciwo, tambayarmu ɗaya ce: jininta nawa ya rage? In lamba ta kai ashirin, magani da ruwa, mu koma gida. In ta faɗo ƙasa da sha takwas, sai ƙarin jini, kuma ba a jiran gobe. Mai faɗa mana wagga lamba shi ne Malam Dogo. Asibitin namu ƙarami ne, na jama'ar gari, bisa hanyar Ƙaura zuwa Zurmi. Ba don shi ba, kowane ciwo sai mun nemi mota.

Injin da ke juya jinin ba sayo shi anka yi ba. Cikin blandar markaɗe ne ya ciro, wani maƙeri a Shinkafi ya buga mishi faifai, ya rufe da murfin tukunyar ƙarfe. Mai girgiza kwalaben jini kuwa, abin share gilashi ne na wata tsohuwar Pijo da ta mutu a tasha. Sai dai injin juyawan ba shi da agogo, kuma dole ya yi minti biyar cif. Malam sai ya kunna, ya ɗauki carbi, istigfari zagaye biyu, ya kashe. "Ga awo, ga lada," haka yake cewa.

Malam Dogo, kai ne wanda direbobin tasha ke ba da labarinka har yau, ranar da anka kawo wata mai haihuwa daga Jangeru jini ya ƙare mata. Ka fita da farar rigarka tsakar rana, ka taso direba bakwai daga majalisar shayi, ka auna su a jere har anka samu mai irin nata. Wanda anka ɗiba ya ce ka biya shi da tsire, ka ce ya je ya karɓa a lahira. Dogo na Kubura, rijiyar da ba ta san rani ba.

To, bara sai ga magana biyu lokaci guda. Ta farko, Malam zai aje aiki. Ta biyu, wani ɗan garinmu da Allah ya buɗa wa a Legas ya ce zai yi sadaka ga ɗakin awo, amma mu zaɓa: ko a sayo injin kamfani mai yin komai da kanshi, ko a ba Malam Dogo kayan aiki ya ƙara ƙera nashi. Kwamitin asibiti ne zai yanke. Ina ciki, ni ce ta mata. Sun ce tunda kullum ina nan, gara a ba ni kujera.

Ni ba inji ne ya dame ni ba. Damuwata, in Malam ya tafi, wa zai faɗa mini lambar Muhsina daidai?

Kamfani ya aiko wani Anwar daga Kano, takalmi na ƙyalli, baki awa rediyo. Ya nuna mana injin a waya. "Ɗigon jini, a danna nan, minti ɗaya takarda ta fito. Ba carbi, ba tukunya."

Na ce, "Ɗan nan, mi yake ci?"

"Ruwan awo ne, Hajiya, na kamfaninmu kawai yake karɓa."

"In ya lalace fa?"

"Ba a buɗewa, akwai hatimi. Injiniyanmu ne zai zo daga Kano."

"Daga Kano? Ta wagga hanya tamu?" Na juya wurin Malam Sagir, shugaban kwamiti. "Malam, akuyar da ba ta cin dusa sai ta gidan da anka sayo ta, ai ba taka ba ce, aro anka ba ka."

Ɗaki ya ɗau dariya. Na ce ni dai ina bayan blandar Malam Dogo har gobe, kuma da yawa sunka bi ni. Na dube shi ina jiran ya ji daɗi. Ko murmushi bai yi ba. Ya ce, "Kar a yanke yau. A ba ni sati."

Ranar Talata na kai Muhsina awon wata, lafiyarta lau. Ya ɗibi jininta siririn kwalba biyu maimakon ɗaya, ban tambaya ba. Sai ranar taro ya aje takarda biyu gaban Malam Sagir. Ɗaya ashirin, ɗaya ashirin da huɗu.

"Yarinya ɗaya, jini ɗaya, inji ɗaya," ya ce. "Wagga ta ashirin ni na juya. Wagga Nafisa."

Nafisa ita ce za ta gaje shi. Ta yi makarantar aikin, shekara huɗu tana tare da shi, ɗiyanta biyu, kuma ba ta da ganganci. Ta miƙe tsaye. "Baba Dogo, wallahi zagaye biyu na ja, ko ƙwaya ɗaya ban tsallake ba!"

"Kin ja, ɗiyata. Amma istigfarinki na mai goyo ne da ta bar tuwo bisa wuta. Naki zagaye biyu minti uku ne. Jinin bai gama kwanciya ba kika kashe, shi ya sa ya fito da yawa."

Maza sunka yi ta dariya, har Anwar. Ni kam ban yi dariya ba. Da a ce ranar jinin Muhsina sha shida ne kuma Nafisa ta juya, da an ce mini ashirin, da na goya ta mun koma gida ina godiya.

Malam ya ɗaga hannu. "Ku bar dariya, laifin ba nata ba ne, nawa ne. Na ƙera inji na bar agogonshi a bakina. Shekara huɗu ni ke juya na masu tsanani, ban taɓa gwada hannuna da nata ba. Injin da ba ya faɗin gaskiya sai mai shi na tsaye, jaki ne mai ubangida ɗaya. A sayo na kamfani."

Na ce, "Haba Malam! To ka fasa aje aikin mana!"

"Maman Muhsina, ido ya fara yi mini gardama. Kina son ɗiyarki ko kina son blanda?"

Na ce, "Ɗiyata," na gyara zama. Ba a cika samun ranar da na saki gardama da wuri haka ba, Malam Sagir ma sai da ya waiwayo.

Anwar ya fara washe baki, sai Malam ya juyo kanshi. "Kai kuma zauna, maganar akuyar nan gaskiya ce." Ya ce ba za a sa hannu ba sai kamfani ya koya wa Nafisa wankin injin da duk abin da ake iya gyarawa ba tare da an taɓa hatimi ba, kuma kullum a samu ruwan awo na wata uku a ajiye. Anwar ya fita waya sau uku, ya dawo da gumi, ya ce manya sun yarda.

Malam Sagir ya ce, "To blandar fa, a ba 'yan gwangwan?"

"A'a. Baƙo ko ya kai sarki kyau, ba a rushe ɗakin tsohuwa don shi."

Sati biyu Malam na yawo kasuwar Ƙaura har ya samo agogon wani mataccen injin wanki, irin wanda ake murɗawa. Ya haɗa shi jikin blandar, minti biyar ya yanke wuta da kanshi. Ya sa doka: kowace Laraba a auna jini ɗaya a inji biyu, a gani ko bakinsu ya zo ɗaya. Kuma Nafisa ce za ta yi, shi ko kusa ba ya zuwa.

Injin kamfani ya iso, kuma gaskiya a faɗe ta, ya yi. Layin da ke kaiwa azahar kafin hantsi ya watse. Muhsina ta sa mishi suna Baƙon Kano. Wanda ya fi kowa murna da shi Malam Dogo ne. Ka gan shi da tabarau a hanci, yatsa ɗaya a miƙe, Nafisa na cewa, "Baba, kore za ka danna, ba ja ba!" shi kuma shina cewa, "To Malama, a yi haƙuri da ɗalibi." Da lokaci ya yi anka yi walima, ya miƙa mabuɗi, ya koma gonarshi ta Ɗan Isa.

Wata biyu bayan haka, tsakiyar bazara, Baƙon Kano ya kunna jar wuta ya ƙi motsi. Nafisa ta yi duk abin da anka koya mata, ya ƙi. Injiniya ya ce sai nan da kwana shida. A kwana na uku, da hantsi, Muhsina ta kasa tashi, leɓenta fari fat.

Na shiga ɗakin awo da ita a baya ina cewa a kira Malam. Nafisa ta ce, "Yaya Ladidi, aje ta nan. Malam na gona, ba sabis." Ta yaye zanen da ke kan blanda, ta sa kwalba, ta rufe murfin tukunya, ta murɗa agogon. Ni na ciro carbina. Wallahi zagaye huɗu na ja injin bai tsaya ba. Na ce, "Nafisa kashe, ya isa!" Ta ce, "Ba ni ke kashewa ba." Sai ƙas! Ya tsaya da kanshi.

Sha shida.

Anka ɗibi na babanta anka ƙara mata. Kafin la'asar ta buɗe ido tana tambayar fura, kuma wai kar a sa mata sikari kaɗan.

Labari ya kai Ɗan Isa a bakin wani ɗan acaɓa. Sai ga Malam bisa keke, ƙafa duk ƙasa, ko sallama bai gama ba ya ce, "Nawa?"

"Sha shida, Baba."

"Agogon ya tsaya da kanshi?"

"Da kanshi."

Ya zauna bakin gado shina maida numfashi. Muhsina ta dube shi ta ce, "Baba Dogo, ka makara. Ba a ma neme ka ba."

Ya yi dariya har ya cire tabarau ya goge ido da hular kanshi. "Hajiya ƙarama, ai abin da na daɗe ina roƙon Allah ke nan."

Malam, kai ne ka tona aibin abin da ka ƙera da hannunka, gaban mutanen da sunka zo yabonka. Kai ne ka ce a kawo wanda ya fi naka, kuma ba ka bari ya zama shi kaɗai ne ƙafarmu ba. Na gode. Muhsina ta gode, jiya ita ta daka mini gyaɗa. Allah ya ƙara maka hasken ido, ya cika rumbunka da gero, ya sa kowane zagaye da ka ja a wancan ɗaki ka tarar da shi a mizani.

Ku kuma masu sana'a, ungozoma ce ke ko makaniki ne kai, duk abin da ka iya wanda ba ya tafiya sai kana tsaye, ka ciro shi daga bakinka ka ɗaura inda na bayanka zai murɗa. Ni ma na fara. Gishirin ƙuli-ƙulina da nake aunawa da ido shekara ashirin, yanzu murfin kwalba gare shi.