Ranar da Na Cinye Katunan Yaran Unguwa

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da aka kama ni ina caca ba. Ni da nake jan mata zuwa Juma'a!

A shekarun nan ne mai dukkan, wato kantin ƙauyenmu, ya fara kawo biskit daga garin Managil, kowace leda da katin ɗan ƙwallo a ciki. Yara suka haukace. Sai su kife kati a ƙasa, su mari gefensa da tafin hannu, wanda ya birkice maka ya zama naka. Liman ya ce caca ce tsagwaronta, ni kuwa na bi gida gida ina ƙara gishiri.

Wata rana jikana ya shigo yana kuka, ya ture kwanon abinci. Ɗan maƙwabta ya cinye masa katinsa mai ƙyalli, wanda ya daɗe yana nema. Na yafa mayafi na fita in karɓo masa. Na iske su ƙarƙashin dalbejiya.

"Kai, ba shi abinsa."

Ja'irin ya ce, "Habboba," wato kaka, "wanga abu ba a roƙo nai. Sai an buga."

"Ni kake cewa in buga?"

"Ko kina tsoro?"

Astagfirullah, na durƙusa. Jikana ya ara mani kati ɗaya. Ja'irin bai san hannun da ya shekara arba'in yana ɗaye kisra, wainarmu mai shara-shara, daga kaskon doka ba ta yage ba. Mari ɗaya, mai ƙyalli ya birkice. Yara suka yi ihu.

A nan ya kamata in tashi, 'ya'yana. Amma wani daɗi ya bi jikina. Na ce a sake. Na cinye na wannan, na cinye na wancan, na ɗaure a bakin zane, har ina cewa, "Wa ya rage?" Mayafi ya zame ban sani ba.

Sai na ji sallama a kaina. Ɗana ne, ya taso daga hawasha, wato gona, ga liman tare da shi.

"Inna, mi nake gani?"

Na gyara murya na ce, "Ƙwacewa nake yi, ɗana."

Liman ya dubi ƙurar gwiwoyina, ya danne dariya ya ce, "Hajiya, irin wannan ƙwace ba mu karanta shi ba."

Na mayar wa kowa nasa, jikana ya ci abinci har da ƙari. Amma wata guda mata na tambayata lafiyar hannu.

Tun ranar na san caca ba ta tambayar shekaru, kuma ba ta zuwa da mummunar fuska. In za ku hana yaro, ku hana shi da tausayi, don na ɗanɗana abin da yake ji. Kuma kada ku durƙusa.