Masunci da Kifi Mai Fitila

A tashar Wudil, Mas'uda na zaune a benci tana jiran motar Kano ta cika, littafinta na jami'a a buɗe a kan cinya. Dattijon da ke ɗaya gefen bencin masunci ne, ba sai an faɗa mata ba. Ƙafafunsa sun yi furu-furu sun tsattsage saboda zama a ruwa, bakin wandonsa har yanzu bai bushe ba. A kwandonsa karfasa huɗu ce kacal, ƙanana. Tana jin tun asuba yake kan gorarsa ta su a kogi, kuma akwai iyali a gida da ke jiran abin da zai kawo.

Ba ita yake kallo ba, hoton da ke shafin littafinta yake kallo: wani baƙin kifi mai haƙora zaƙo-zaƙo, da ɗan haske yana reto a goshinsa.

"'Yata, wannan a wane kogi yake? Shekara arba'in ina su, ban taɓa gamuwa da shi ba."

"A teku yake, Baba, can ƙasa inda rana ba ta kaiwa," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa. "Fitilar ce ke jawo masa abinci har bakinsa."

"Yana zaune kawai? Ikon Allah! To shi ba ya kwana da yunwa kenan?"

"Yana kwana, Baba. An ce yakan daɗe bai samu ba."

Dattijon ya murza gwiwarsa, ya dubi kwandonsa.

"Ashe har can ma haka ne."